Karyayyen Kardan

Tun kafin motar ta gama shigowa garaji Hachimou ya taɓe baki. Kat-kat ce baƙa, irin motar nan ta shiga daji, an ɗaga ta sama har akuya za ta wuce ta ƙarƙashinta ba tare da ta sunkuya ba, ga ta tana jan jiki da ƙafafun gaba kawai. Fentinta sabo fil, amma rufin ya sha guduma, ko daga nesa ana ganin tudu da kwari. Ya ce a ransa wannan aikin Parakou ne, ba sai an faɗa ba.

Hachimou ya raina makanikan Parakou, kamar yadda ya raina duk abin da ba hannunsa ya yi ba. Shekara ashirin yana kwanciya a ƙarƙashin motoci a Djougou, kuma ranar Juma'a mai zuwa ƙungiyar makanikai za ta zaɓi sabon shugaba. Kujerar nan yake so, har ta hana shi jin daɗin abinci. Kowa kuwa ya san duk wanda Alhaji Abdoulaziz, shugaba mai barin gado, ya nuna, shi za a zaɓa.

Sai ga Alhajin da kansa ya fito daga kujerar baya. Hachimou ya ji wani sanyi a ransa. Ashe an zo gwada shi ne, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya russuna ya kwashi gaisuwa, ya sa aka kawo benci.

Bayan Alhaji wata mata ta sauko a hankali tana ɗingishi. Ta ce sunanta Hajiya Roukaya, daga Ladjifarani take. Direbanta ya sauke wani buhu ya kwance. Kardan ne a ciki, dogon ƙarfen nan da ke juya ƙafafun baya, ya rabe gida biyu.

Ta ce, "Patron, tambaya ce ta kawo ni. Wannan zai gyaru, ko sai an sa sabo?"

A garaji akwai al'ada: ba a taɓa aiki sai an fara tsine wa wanda ya riga ka taɓa shi. Mai mota ma bai yarda ka iya ba sai ya ji ka ci mutuncin na baya. A wannan fanni Hachimou ba shi da na biyu. Ya ɗaga guntun ƙarfen sama don makanikan maƙwabta da suka fara taruwa su gani, ya kuma ɗaga murya don kada wata kalma ta wuce Alhaji.

Ya ce, "Hajiya, mota in an ɗaga ta, kardan ɗinta na asali ya yi mata gajere. Dole a sa dogo, wanda aka ƙera don haka. Shi kuwa jakin da ya yi miki aiki, yanka shi ya yi, ya cusa guntun bututu a tsakiya, ya yi walda. Dubi nan. Wannan ba makaniki ba ne, mahauci ne."

Aka yi dariya, dariyar ta ƙara masa ƙaimi. Ya zagi waldar, ya zagi hannun da ya yi ta, ya haɗa da wanda ya koya wa mai hannun sana'a. Ya ce irinsu ne ke zubar wa sana'a mutunci, sun iya fenti da kwalliya, sun manta fankan-fankan ba shi ne kilishi ba.

Maganar gaskiya, akwai ranakun da kaya ba sa isowa daga Kotonu da wuri, ga mai mota tsaye a kanka yana cewa doya na jiransa a gona. Kowane makaniki ya san dabarar da ake yi a irin wannan rana. Amma motoci nawa ke wucewa ta hannun mutum a shekara? Hachimou bai ga dalilin tono wannan zance yau ba.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce a hanyar Kolokondé abin ya faru, sun ɗauko doya, motar ta yi tsalle ta kife. Ita ta tsira da ƙafa ɗaya mai rauni, maigidanta da ke tuƙi bai tashi ba. Har yau danginsa na cewa gudunsa ne ya kashe shi.

Hachimou ya yi ta'aziyya a gurguje, don ya hango wata dama. Ya ce, "Ƙarya suke yi wa mamaci. Kardan in ya karye, ƙasa yake caka, ya ɗaga mota ya jefar. Ko tafiyar kunkuru yake yi sai ta kife. Jinin mijinki yana wuyan mai waldar nan."

Alhaji Abdoulaziz ya gyara zama. "To Hachimou, da kai ne shugaba, me za ka yi da mai wannan aiki?"

Tambayar da yake jira ke nan. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya ce a cire sunansa daga ƙungiya, a rufe garajinsa, a miƙa shi hannun jandarma. Ya ƙara da cewa ko ɗan'uwansa ne ciki ɗaya ba zai roƙa masa ba, kowa ya zama shaida.

Alhaji ya gyaɗa kai ya miƙe. Hachimou ya goge hannu a riga, yana jiran a yaba masa.

Hajiya Roukaya ta ce, "Mun shaida, Patron. Motar nan fara ce a lokacin, shi ya sa ba ka gane ta ba. Bara waccan maigidana ya kawo maka ita, a garajin nan ka ɗaga ta."