Majinyacin Gwaji

Yesenia ta ɗaura wa saurayinta Terrell abin awon jini a dantse, a teburin kicin ɗin mahaifiyarta a garin Fresno. Tun da ta shiga kwalejin koyon aikin taimaka wa likita, shi ne majinyacinta na gwaji.

"Ina ga barin karatun nan zan yi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Shekara biyu, ga bashin makaranta, albashin kuma bai taka kara ya karya ba. Wa zai tsaya jirana?"

Ta dubi ma'aunin, ta ƙara matsa iska, ta zaro ido.

"Malam, jininka ya hau! Me ka ci?"

"Ko ruwa ban iya sha ba. Duba aljihun rigata."

Ta zura hannu, yatsunta suka ci karo da zoben neman aure.

"Ki gama karatunki, ina nan," ya ce. "In kun fara koyon ɗibar jini ma, ga hannuna."

Terrell da ke sumewa in ya ga allura! Dariya ta ƙwace mata, ga hawaye.

"To nutsu in sake aunawa. Ni ba na auren mai hawan jini."