Uku a Ƙasa

Ana shirin sallar Juma'a wani mutum-mutumi mai inji ya miƙe a tsakiyar falo, a kan ƙafafunsa shida kamar ƙwaro. Wata bakwai ke nan maigidan yana haɗa shi a ɗan gidansu na unguwar Al Muraqqabat, tun da ya daina zuwa masana'anta. Shi ya zana ƙafafun, ya yanka su daga alminiyam, ya ɗaura wa kowacce ƙananan injina uku. Abin ya sha kifewa kafin maigidan ya gano dabarar: uku su tashi, uku su tsaya a ƙasa.

Yau ga shi yana takawa ƙwas-ƙwas a kan tayil, har bakin ƙofa.

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Na lura kullum da ƙafar dama yake farawa."

"Haka na tsara shi."

"To, khalas, shi ke nan, ya yi tafiya. An kira salla. Yau ma a gida za ka yi?"

"Kin san da ƙafar dama ake shiga masallaci," ya ce, bai ɗago ba.

"Na sani. Shi wannan ƙwaron naka, da tasa aka haife shi? Ba kai ka ɗaura masa ba?"

Ya kashe abin. Ya daɗe yana kallon inda ƙafar wandonsa ta dama take a naɗe, daidai gwiwa. Sannan ya jawo sandunan dogarawarsa biyu daga bayan kujera, ya miƙe. Uku a ƙasa.

A ƙofar masallaci, sandar dama ya fara sakawa.