Makaɗin Noma da Jingar Bakin Kogi

Kai da aka ɗora wa jagorancin masu aikin sa-kai, ka zo kana ƙorafin wai mutanenka sun cika nawa wurin aiki, zauna ka ji wani misali.

An yi wani makaɗin noma a wani gari na bakin kogi. In ya rataya ganga ranar gayya, ragon saurayi ma sai ya je aron garma. Ya san taken kowa, ya san kirarin kakan kowa. Sai dai akwai abin da ke ci masa rai. Duk marka sai kogi ya ɓallo cikin unguwar gangare, ya ci ɗakuna da rumbuna, kuma a unguwar nan aka binne cibiyarsa. Wata bazara sai ya daina amsa gayyatar biki, ya bi gari gida-gida yana roƙon a tashi jinga, a tare ruwan da tudun ƙasa. Da yake bakinsa na da zaƙi, ba wanda ya iya ce masa a'a. Shi ya raba aiki da kansa, ya san mai kawo jaki da mai ba da amalanke, ya san gidan da zai dama kunu ran Laraba. Har nan dai ba mai kushe shi.

Ranar da aka fara, sai halin sana'a ya motsa. Ya raba samari biyu, 'yan gabas da 'yan yamma, kamar yadda yake yi a gona in ana tseren kunya. Ya saki kiɗa mai zafi, duk wanda ya riga juye kwando ya sha kirari. Samari kuwa me suke jira? Kwana tara jinga ta kai kafaɗar mutum, makaɗi yana tafiya kamar ƙasa ba ta ɗaukarsa. Ana cikin murna sai ga wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda ɗakinta ne na farko daga bakin ruwa. Ta soka sandarta a jikin jingar, sanda ta shige har rabi. Ta ce, “Ɗan nan, ƙasa ba ta jin kirari. Wannan tuli kuka yi, ba gini ba.” Ya yi dariya ya ce, “Iya, ke dai ki sa mana albarka.” Ruwan sama na farko mai ƙarfi ya sauka wata Juma'a da la'asar. Kogi bai ma gama cika ba, jinga ta narke kamar curin fura a cikin nono. Ɗakin tsohuwar nan ruwa ya fara ci, ya haɗa da ɗanyun tukwanenta na wata guda. Kunya ta kama makaɗi har ya kwana biyu bai leƙa kasuwa ba. Samari suka watse, ga marka saura kwana arba'in.

To, a nan ake gane mutum. Rana ta uku ya je ya durƙusa gaban tsohuwar ya ce, “Iya, na ji jiki, koya mini.” Ba ta yi masa gori ba. Ta ce ya tara mata matan da suka iya daɓe, kowacce ta zo da madaɓinta. Samari kuma da suka ƙi dawowa, sai ya tsaya tsakiyar kasuwa ya yi wa kansa zambo, makaɗin da ya gina katangar gari da fura. Aka yi dariya har da riƙe ciki, kuma wanda ya yi dariya da kai da wuya ya ƙi bin ka. Washegari suka fito. Wannan karon ɗani ɗaya, wato shimfiɗa ɗaya, ake zuba ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su jeru suna duka suna waƙar daɓe har sai ƙarar madaɓi ta sauya, sannan a ƙara wani ɗanin. Makaɗin da ya saba kowa ya bi gangarsa, sai ga shi yana bin waƙar mata a hankali. In wani saurayi ya fara rawar kai zai juye kwando kafin lokaci, sai ya ɗauke hannu daga ganga, wuri ya yi tsit, kowa ya juyo ya dubi mai gaggawar. Kirari kuma ba ya fita sai ga ɓangaren da sandar tsohuwa ta kasa huda.

Mako biyar suka yi, jingar ma iyakarta ƙirjin mutum, har masu wucewa suna cewa ta farko ta fi ta kyan gani. Marka ta zo da ƙarfinta. Kogi ya cika ya jingina da jingar nan kwana goma sha biyu yana neman hanya, mutanen gangare suna zaune a ɗakunansu suna jin rurinsa ta bayan danga. Ya gaji ya janye bai sami ko ramin ɓera ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, sannu-sannu kwana nesa.