Ruwan Ƙarƙashin Yashi

Da rani kogin ƙauyenmu yakan ƙafe ƙaf, sai farin yashi shimfiɗe. Wata la'asar na raka kakata, Inna, ɗiban ruwa. Ta durƙusa ta yi ta tono da ƙoƙo har ramin ya kai gwiwar hannunta, muka zauna jira. A hankali ruwa ya fara tsattsafowa, mai sanyi, da ƙamshin jiƙaƙƙen yashi da har yau bai bar hancina ba.

Na ce, "Inna, ba an ce kogin ya tafi ba?"

Ta ce, "Kogi ba ya tafiya. Kwanciya yake yi a ƙarƙashin yashi."

Muna nan wata tifa ta gangaro, ta farko da na taɓa gani. Direban ya sauko ya gaishe ta, ya ce yashi suka zo ɗiba, za a gina injin casar shinkafa a bakin titi. Inna ta cika ƙoƙon ta miƙa masa, ya shanye, ta ƙara masa.

"Ku ɗiba, ɗan nan," ta ce. "Yashi ai ba ya ƙarewa."

Yanzu ƙauyen ya zama gari, injina sun jeru har hanyar Kabo, a ɗayansu ma nake cin abinci. Inda muka durƙusa kwazazzabo ne, ruwa kuwa a leda muke saye. Wani lokaci nakan dafa bangon injin, in ji yashin nan a tafin hannuna. Inna ta yi gaskiya, bai ƙare ba. Sai dai babu abin da ke kwance a ƙarƙashinsa.