Gawar da Ba Ta Wari

Ranar da allon kwamfuta ya maye gurbin gawarwaki a ɗakin fiɗa, tsoho mai kula da ɗakin ya shigo da sallama, kamar yadda ya saba yi wa matattunsa shekara talatin.

"Baba, wannan ba ya wari," in ji malama, tana dariya. "Hoton wani majinyaci ne, yana raye."

Da yatsa ta ɗaye fata, ta nuna wa ɗalibai hanta.

"Kun ga ƙarin nan? Bawan Allah ba zai ga baɗi ba."

Tsoho kuwa ƙafar yake kallo: ƙusa uku a ƙwauri, irin nasa sak. Watan jiya ma asibiti ta ɗauke shi hoto.

Ya ɗauko farin ƙyalle, ya lulluɓe allon a hankali.