Ranar da Na Katse wa Inna Amshin Zabura

Wata Lahadi a shekarun fari, a majami'ar Katolika ta Damagaram, ina ƙaramin yaro, Innata ce ke bayar da zabura, jama'a na amshi. Amshin ranar kan Allah mai ƙosar da mayunwata ne, mu kuwa kwana uku ke nan dusa muke ci. Da ta ɗaga hannu don a amsa, sai na ɗaga murya na ce, "Inna, to mu yaushe?"

Hannunta ya tsaya a sama, ba wanda ya amsa. Mai bayarwa ba ta yi wa kanta amshi, amma ranar ita kaɗai ta rera shi.

Har yau kunya nake ji, don sai da na girma na gane dusar ma rabonta take juye mini.