Dutsen da Ya Ɓata a Kangon Tarihi

"Kowa ya zazzage jakarsa!" Malam ya daka wa ɗalibansa tsawa a ƙofar kangon tarihi. Mai gadi ya ce an ɗauke wani guntun dutse mai zane, don haka ba mai fita sai an gan shi.

"Na kawo ku ƙasar mutane ku zubar min da mutunci? Kai Dogo, dama ban yarda da kai ba!"

Dogo ya sunkuyar da kai. Aka bincike jakunkuna kaf, ba komai.

Gumi ya karyo wa Malam, ya sa hannu aljihu neman hankici. Sai ya taɓo dutsen nan mai zane, wanda ya tsinta ya yi taimama da shi ɗazu, da ya rasa ruwan alwala.

"Duk mun gani, Malam," in ji Dogo a hankali. "Nauyin faɗa maka muka ji."